Ajiyar Marigayi: Yadda Na Koma Furcin Zunubi Bayan Shekara Tara

Shekara tara na yi ina zuwa Misa, wato babbar sujadarmu ta Katolika, kowace Lahadi ba tare da na tashi na karɓi Jikin Kristi, wato tsarkakakkiyar gurasar da Fada, limaminmu, yake bayarwa, ba. Duk wanda ya san yadda Misa take gudana ya san cewa wannan ba abu ne mai ɓoyuwa ba, domin idan lokacin ya yi mutane suna tashi ne benci bayan benci, kuma wanda bai tashi ba dole ya karkatar da gwiwoyinsa gefe don na kusa da shi su sami hanyar wucewa. Na karkatar da gwiwoyina matata ta wuce, na karkatar makwabta suka wuce, daga baya har yaran da na koyar a aji uku na firamare suka girma suka riƙa wucewa ta gabana da hannuwansu a haɗe. Babu wanda ya taɓa tambayata dalili, saboda a wurinmu yi wa babba irin wannan tambaya rashin ta ido ne, sai ƙaramar 'yata wadda ta fara koyon katikisim, wato darussan tushen bangaskiya. Muna kan babur a hanyar komawa gida ta ce, "Baba, malam katikis ya ce wanda ya yi konfeshon shi ne yake karɓa. Kai yaushe za ka yi naka?" Na ce mata ta riƙe ni da kyau akwai ramuka a gaba, ban ƙara cewa komai ba har muka isa.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, cikin Hausawan da suka karɓi bangaskiyar Katolika ta hannun Fadannin Dominikan da suka zo daga Amurka. A lokacin ƙuruciyata yankinmu yana ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato ne, wato yankin da bishop yake jagoranta, wanda ya zama cikakken dayosis a 1964, kuma sai a 2023 aka yanke Katsina ta tsaya da kanta. Da Hausa aka koya mini addu'a, da Hausa na yi furcina na farko, wato konfeshon, faɗin zunubi a gaban Fada, ina ɗan shekara goma, lokacin da manyan laifuffukana ba su wuce satar gyaɗa a rumbu da ƙin zuwa aike ba. Aikin koyarwa ne ya kawo ni Sakkwato, a nan na yi aure, a nan kuma na aikata abin da ya zaunar da ni a kan benci shekara tara.

A 2016 wani abokin aikina, ɗan'uwa a bangaskiya, ya ja ni gefe bayan an tashi daga makaranta ya ba ni naira dubu 85 a ƙulle cikin baƙar leda. Ya ce yana tara kuɗi ne ya saya wa matarsa injin markaɗe ba da saninta ba, yana tsoron idan ya ajiye a gida buƙatun yau da gobe za su cinye. Babu shaida, babu takarda, daga ni sai shi sai Allah. Bayan wata biyu ya kwanta ciwo na kwana huɗu ya rasu, ya bar mata da 'yan biyu masu shekara bakwai. Ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, alhali ledar tana ƙasan adakata. Niyyata ta gaskiya a ranar ita ce in kai mata idan an share makoki. Kafin a share sai albashi ya yi jinkiri, mai gidan haya ya matsa, na zari dubu 20 na kira shi rance. Na sake zara don magani, na sake zara don kuɗin makaranta, shekara ba ta ƙare ba sai ledar kawai ta rage. Abin da ya fi wannan muni shi ne sau biyu Maman 'Yan Biyu ta tambaye ni, cikin ladabi da jin nauyi, ko marigayin ya taɓa ambata mini cewa ya ba wani ajiya, domin ta lura albashinsa na watannin ƙarshe bai shigo gida duka ba. Sau biyun na dube ta na ce ban sani ba. Da ta tashi daga unguwarmu ta koma Mabera na ji sauƙi a raina, kuma wannan sauƙin ma yana cikin abubuwan da na furta daga baya.

Mutum ba ya zama shekara tara da irin wannan abu sai ya gina wa kansa hujja. Tawa ita ce wadda kowane Katolika a ƙasar nan ya sha ji daga makwabta Musulmi da kuma 'yan'uwa na wasu ɗariku: me zai sa ka faɗa wa mutum ɗan'uwanka laifinka alhali Allah yana ji ba tare da ɗan aike ba? Na ari wannan magana na yafa, ba don na yarda da ita ba, sai don ta rufe ni. Kowane dare nakan ce Allah ya gafarta mini, kuma ba na shakkar cewa yana ji. Amma na lura da wani abu game da kaina: a cikin addu'ata ta ɓoye ban taɓa kiran abin da sunansa ba. Nakan ce "kurakuraina", nakan ce "kasawata", ban taɓa cewa "na ci amanar mamaci, na yi wa gwauruwa ƙarya" ba. A gaban wanda ba ka gani, harshe yana iya zagaye-zagaye har abada, kuma zuciya ta yarda cewa ta tuba.

Azuminmu na kwana arba'in na 2025 ya fara ranar Larabar Toka, 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan makwabtanmu sun ɗauki azumin Ramadan, don haka garin gaba ɗaya ya shiga yanayi ɗaya. Da la'asar lasifikar masallacin unguwarmu takan kawo tafsiri har tsakar gidana ko ban nema ba. Wata rana ina gyaran takardun jarrabawa sai na ji malamin yana bayani a kan sharuɗɗan tuba: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan idan laifin ya shafi haƙƙin wani, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko ya yafe. Na ajiye jan biro na zauna shiru. Ba sabon abu ya faɗa mini ba, domin katikisim ɗinmu ma ya koyar da cewa wanda ya ɗauki kayan wani dole ya mayar, wanda ya ɓata sunan wani dole ya gyara. Abin da ya girgiza ni shi ne na gane cewa hujjar da na ara daga makwabta ba ta ma kare ni a wurinsu ba. Ta ko'ina na bi, ledar nan tana jirana.

Ranar Lahadi 30 ga Maris, wadda ta zo daidai da ranar ƙaramar Sallah, muka ratsa ta cikin masu sababbin kaya muka tafi coci, aka karanta Bishara ta Luka sura 15, labarin ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar. Na ji wannan labari fiye da sau ɗari, amma ranar ce na fara lura cewa yaron bai tsaya a wurin aladu ya yi nadama a zuci ya ce ai uba ya sani ba. Ya shirya kalmomin da zai faɗa, ya tashi, ya taka da ƙafarsa, ya kuma faɗe su da bakinsa ko da yake uban ya riga ya rungume shi. Da aka tashi daga Misa na nemi katikis ɗinmu, dattijo ne da ya girme ni, na ce masa ina so in koma konfeshon amma na manta yadda ake yi.

Bai tambaye ni abin da na yi ba, bai kuma nuna mamaki ba. Ya zaunar da ni a gindin dogonyaro ya bi da ni tun daga tushe kamar yaro. Ya ce abubuwa uku ne suke kan mai tuba: nadama, da furci, da aikin tuba, na huɗun kuwa na Allah ne ta bakin Fada, wato kwancewa. Ya tuna mini cewa zunubi ba ya zama mai kisa, irin wanda yake raba mutum da alherin Allah, sai abubuwa uku sun haɗu, wato abin ya kasance babba, mutum ya san babba ne, ya kuma yi shi da yardar kansa, kuma irin waɗannan dole a faɗe su da irinsu da yawansu gwargwadon yadda mutum ya iya tunawa. Wanda ya manta wani abu da gaske an gafarta masa, sai dai ya ambata idan ya tuna a furci na gaba, amma wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, furcinsa duka bai karɓu ba, ya ma ƙara wani laifin a kai. Na gaya masa damuwata, cewa ina tsoron nadamata ba ta ƙauna ba ce, kunya ce kawai da tsoron mutuwa da hakkin marayu a wuya. Ya ce Ikilisiya ta san da irin wannan nadama tun da daɗewa, babban taron shugabannin Ikilisiya na Tirent ya yi magana a kanta a 1551, ya ce ita ma baiwa ce daga Allah, kuma ta isa ta kawo mutum bakin ƙofar wannan sakramenti, wato ibadar furci, sauran aikin alherin Allah ne zai cika.

Akwai tambayar da na jima ina juyawa kafin na yi ta, wato ko maganar za ta iya fita. Sakkwato babban gari ne, amma mu Katolikan cikinsa kamar 'yan ƙauye ɗaya muke, kowa ya san kowa, kuma malamin makaranta ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa. Dattijon ya ce in kwantar da hankalina. Doka ta 983 a cikin dokokin Ikilisiya ta ce sirrin furci ba ya karyuwa, haramun ne Fada ya tona mai tuba da magana ko da wata alama, saboda kowane dalili, kuma wanda ya tona kai tsaye ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take, ba mai iya dawo da shi sai Roma. Wannan ba sabuwar doka ba ce, domin babban taron Lateran na huɗu a 1215, wanda ya wajabta furci aƙalla sau ɗaya a shekara, shi ma ya hukunta cewa Fadan da ya tona a tuɓe shi a tsare shi a gidan sufaye yana tuba har ƙarshen ransa. Daga baya na karanta cewa a ƙarnonin farko masu manyan laifuffuka sukan yi tuba a bainar jama'a, wani lokaci na shekaru, kuma sufayen Ayilan ne suka yaɗa furci na sirri a Turai a wajajen ƙarni na bakwai. Na yi wa Allah godiya da ba a wancan zamani aka haife ni ba, domin ban san ko da zan iya ba. Ya kamata in ƙara da cewa wannan sirri yana kan Fada ne kaɗai, bai ɗaure mai tuba ba, shi ya sa nake da damar ba da labarin nawa furcin.

Daren Juma'a, bayan mun dawo daga Hanyar Gicciye, wato ibadar tunawa da wahalar Kristi, na zauna da fitila da takarda na bi Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya ina binciken lamirina. Na zaci abu ɗaya zan rubuta, sai na tarar shekara tara ta tara nata kayan: dukan da na yi wa ɗalibi cikin fushi ya wuce kima, gulmar wani shugabana da na yaɗa ban tabbatar ba, kaushin hali ga matata, da kuma shekarun nan da na ƙi cika wajibin furci da karɓar Jikin Kristi a lokacin Ista, bikin tashin Kristi daga matattu. Ajiyar marigayin na rubuta ta a ƙarshe, sai na gane dabarar da zuciyata take ƙullawa, wato in cusa ta a bayan ƙananan abubuwa in faɗe ta da sauri. Na soke na mayar da ita ta farko. Da na haddace na ƙone takardar a murhu.

Ranar Asabar 5 ga Afrilu da yamma na hau kabu-kabu, ban ɗauki babur ɗina ba don kada a gan shi a ajiye. Na yi tunanin zuwa babbar majami'ar Iyali Mai Tsarki da ke titin Ahmadu Bello, inda kujerar Bishop Matthew Hassan Kukah take, amma idon sani ya yi yawa a can, don haka na tafi wata majami'a a ɗaya ɓangaren gari, kuma doka ta ba kowa damar ya zaɓi Fadan da yake so. Zafin bazarar Sakkwato yana kan ganiyarsa, babu wuta, fankoki a tsaye, kwanon rufin yana ta ƙara. Mutum goma sha ɗaya na tarar a layi, an bar tazara mai yawa tsakanin na gaba da wurin furcin don kada a ji. Akwai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata tana jan carbinta, akwai wani soja cikin kayan gida wanda askinsa ya nuna shi, akwai 'yan mata biyu masu kama da ɗalibai. Babu mai kallon wani. Wannan ya ba ni wani irin ƙarfi, domin a cikin wannan layi babu wanda ya zo don shi mutumin kirki ne. Duk da haka sau biyu na bar na bayana ya wuce, kuma da ba don tsohuwar ta taɓa gwiwar hannuna ta ce, "Malam, kai ne," ba, ina jin da na bar na uku.

Wurin ba wani ɗaki ba ne, allon katako ne mai raga a tsakiya da abin durƙuso a gefe ɗaya, Fada yana zaune a ɗaya gefen da ɗan mayafin nan mai launin shunayya a wuyansa, ya juya kunnensa ga ragar. Na durƙusa na yi alamar gicciye na ce, "Ka sa mini albarka, Fada, gama na yi zunubi. Shekara tara ke nan rabona da furci." Na dakata ina jiran faɗa. Sai na ji murya ta saurayi, wanda ba zai girmi ɗana na fari da yawa ba, ta ce, "Sannu da dawowa, Baba. Ka faɗa a hankali, babu gaggawa." Ni ina kiransa uba, shi yana kirana baba, kuma ban ji wani saɓani a cikin haka ba.

Ban taɓa sanin nauyin kalma ba sai ranar. Na buɗe baki in ce "na ci amana" sai na ji harshena ya kama hanyar da ya saba, ya fara cewa akwai wani kuɗi da aka samu matsala a kansa lokacin da albashi ya yi jinkiri. Na tsaya da kaina, na haɗiye yawu, na sake farawa. Na ce abokina ya ba ni ajiyar naira dubu 85, ya rasu, na cinye, matarsa ta tambaye ni sau biyu na yi mata ƙarya, na kuma ji daɗi da ta bar unguwa. Jimlar ba ta kai minti ɗaya ba. Shekara tara ina gudun minti ɗaya. Da kunnena ya ji bakina ya faɗa, sai abin ya tashi daga zama wani hazo a cikin ƙirji ya zama aiki mai suna wanda wani mutum ya aikata a wata shekara, kuma mutumin ni ne. Sauran laifuffukan suka biyo baya ba wuya, zufa tana ɗiga daga haɓata a kan katakon.

Fada bai yi wa'azi mai tsawo ba. Tambayoyi uku ya yi: ko matar tana da rai, ko na san inda take, ko ina da halin biya. Na amsa. Ya ce, "Baba, gafarar Allah ba ta sayarwa ba ce, yau za ka same ta kyauta idan kana da niyyar gaskiya ta mayarwa. Amma kuɗin nan har gobe ba naka ba ne, na marayu ne, kuma kwancewar da zan yi maka ba ta mayar da shi naka." Ya bayyana mini cewa Ikilisiya ba ta tilasta mini in tona asirin kaina, ina iya aikawa ta hannun amintacce ba tare da an san daga inda ya fito ba, kuma ba a ce in jefa iyalina cikin yunwa ba, ina iya biya kaɗan-kaɗan. Sannan ya ce in yi tunani a kan abu ɗaya, cewa dubu 85 na 2016 ba shi ne dubu 85 na yau ba, kuma marigayin ba takardun kuɗi ya yi niyyar bar wa matarsa ba, inji ya yi niyya. Ya ba ni aikin tuba, in karanta Zabura 51 kowace rana har Ista, in kuma sa a yi Misa ɗaya domin ran abokina. Ya ce in yi addu'ar nadama, na fara na kakare a tsakiya, ya riƙa ɗora mini kalma-kalma ina bi.

Daga nan ya ɗaga hannunsa na dama ya yi addu'ar kwancewa, wadda take farawa da ambaton Allah Uban jinƙai, wanda ya sulhunta duniya da kansa ta wurin mutuwa da tashin Ɗansa, ya kuma aiko da Ruhu Mai Tsarki domin gafarar zunubai. Ya rufe da cewa, "Na kwance ka daga zunubanka da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Na ce amin. A nan ne na sami amsar tambayar da na fake da ita shekaru. Ba saurayin nan ne ya gafarta mini da ikon kansa ba, shi ma yana durƙusawa a gaban wani Fada kamar yadda Fafaroma ma yake yi. Ikon na Kristi ne, wanda ya hura wa manzanninsa numfashi a daren tashinsa daga matattu, ya ce wanda suka gafarta wa an gafarta masa, kamar yadda yake a Yohanna sura 20. Allah bai buƙaci kunnen Fada ba, ni ne na buƙaci in faɗa a inda ba zan iya zagayewa ba, na kuma buƙaci in ji da kunnena an ce an kwance ni, domin shekara tara ina gaya wa kaina an gafarta mini ban taɓa gaskata kaina ba.

Na koma benci na durƙusa. Ban ga wani haske ba, ban kuma yi kuka ba. Na ji ƙishirwa, gwiwoyina suna ciwo, jikina kuma kamar na wanda ya sauke buhu daga ka bayan doguwar tafiya, kaya sun sauka amma wuya bai saki ba tukuna. Washegari da lokacin ya yi na tashi na shiga layi. Matata da ke bayana ta riƙe gefen rigata har muka kai gaban bagade.

A daren ne na gaya mata komai, muna kwance a tabarma a tsakar gida saboda zafi. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Malam, na daɗe da sanin akwai abin da yake cin ka. Duk shekarun nan na ɗauka wata mace ce." Ban taɓa kawo wa raina cewa shiruna yana da wani wanda yake cuta ban da ni ba. Ta ɗauki wannan zato ita kaɗai, tana dafa mini abinci, tana wucewa ta gaban gwiwoyina kowace Lahadi, ba ta taɓa furtawa ba. Na roƙe ta gafara. Da safe ta kawo kuɗin adashinta ta ajiye a gabana, ta ce a sayar da awaki biyu a ƙara.

Fada ya ba ni damar aikawa a ɓoye, kuma ba na ganin laifin wanda ya bi wannan hanya, domin akwai inda bayyana kai yake jawo ɓarnar da ta fi gyara. Amma ni na yi wa matar nan ƙarya ido da ido, na ga cewa inji zai biya kuɗi, ba zai biya ƙaryar ba. Da na je Babbar Kasuwa na tarar farashin injin ya ninka ya sake ninkawa, sai da na haɗa da rance daga ƙungiyar malamai kafin ya isa. Ranar Talata ta Mako Mai Tsarki, wato makon da yake gab da Ista, muka ɗora shi a mota ni da matata muka nufi Mabera. Mun same ta a ƙofar gida tana suyar awara, fuskarta ta tsufa fiye da shekarunta. Ta yi mana maraba da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta aika a sayo ruwan sanyi, wannan karamcin ya fi komai yi mini ciwo. Bayan gaisuwa na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa na ce, "Maman 'Yan Biyu, na zo ne da magana mai nauyi," na faɗa mata kamar yadda na faɗa a gaban raga, ban rage ba.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta juya ta kwashe awarar da ta fara ƙonewa, ta sauke kaskon, ta goge hannunta da zani. Sannan ta ce, "Malam, shekarar da ya rasu sai da na cire yaran nan daga makaranta zango biyu. Waken nan da kake gani, kullum sai na ɗauka a ka na kai injin wasu na biya." Ta dubi injin da aka sauke a bakin zaure ta daɗe tana kallo, ta ce ashe dai ya yi niyya, ashe bai ci kuɗin a waje ba kamar yadda wasu dangi suka riƙa faɗa mata. A nan ne ta yi kuka, kuma ba don ni ba. Da muka tashi tafiya ta ce ta karɓi injin domin haƙƙin 'ya'yanta ne, maganar yafewa kuwa in ba ta lokaci ta yi addu'a a kai. Na ce ta ɗauki duk lokacin da take so.

Har yanzu ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban koma na tambaya ba. Kowane ƙarshen wata ina aika wani abu ta hannun matata domin kuɗin makarantar 'yan biyun, tana karɓa tana aiko da gaisuwa. Rancen ƙungiya saura wata huɗu in gama biya. Ranar Asabar da ta wuce aka yi wa 'yan ajin katikisim furcinsu na farko a cocinmu, na kai 'yata a kan babur, na ajiye shi a bakin ƙofa inda kowa yake ajiyewa. Tana ta maimaita addu'ar nadama a hankali don kada ta manta, hannunta yana rawa a cikin nawa. Da aka kira yara ta shiga layinsu, ni kuma na wuce na tsaya a bayan iyaye uku da suka riga ni a layin manya.